Kwalbar da Ta Yi Kumfa a Babura

Shekara goma sha tara motar Bartholomew tana tsayawa a ƙofar shagon Daudu a Kazaure kowace Talata. Ruwan inabi yake kawowa daga Kano, marar barasa, irin wanda ake jerawa a teburin biki. Dokar ƙungiyar diloli ta ce mai kawo kaya ba ya sayar wa masu tireda sai ta hannun dila, kuma kowane dila da garuruwansa. Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura duk na Daudu ne.

Bara ƙungiya ta cire Babura ta ba Musaddiƙ, ɗan marigayi maƙwabcinsa. Daudu ya haƙura da wannan. Abin da ya ci masa rai shi ne motar ta koma ratsewa daga Ɗambatta ta fara sauke wa Musaddiƙ, sai la'asar ta iso Kazaure. Wata Talata Bartholomew ya sauko yana sakace.

"Har abinci Musaddiƙ yake ba ka?" in ji Daudu.

"Baba, dambun gidansa ba dama."

"Da ba ka cin na kowa sai nawa."

"Ai cikina ba ya cikin dokar ƙungiya," in ji Bartholomew, yana dariya. Daudu bai taya shi ba.

Ana saura wata guda bikin autarsa Halimatussa'adiyya, Daudu ya je Babura sayen rago. Musaddiƙ ya hango shi, ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja shi shago. Ya ɗauko wata doguwar kwalba mai ruwan zinariya a wuya, wadda Daudu bai taɓa gani a kayansa ba. Ya murɗe bakin, ta yi ƙara, kumfa ya zubo.

"Sabon samfuri ne, Baba. Ni kaɗai aka ba in ɗanɗana. Bismilla."

Daudu ya ƙi karɓa. Maganar "ni kaɗai" ta raka shi har gida.

Washegari ya je wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Jalaluddeen, ya ce ya ga giya a shagon Musaddiƙ.

"Malam Daudu, da kai aka kafa dokar nan. Kwalbar da ta zo a rufe, laifinta na mai kawowa ne, ba na dila ba. Bartholomew za a kora daga garuruwan nan huɗu. In kuma ba giya ba ce, yana da damar ya rabu da kai, garuruwanka su koma hannun dila mafi kusa."

Daudu ya manta da wannan. Shi Musaddiƙ ya so jifan ya samu, ba Bartholomew ba.

"Ka janye, ya tsaya tsakanina da kai," in ji Alhaji Jalaluddeen.

"Gemun nan bai taɓa janye magana ba. Abin da ya yi kumfa ya tashi, abin da ya tashi giya ne. Haka muka sani tun kan kunun da ya kwana."

Aka dakatar da motar, aka aika da irin kwalbar Kano a gwada. Bayan sati biyu sakamako ya zo: iska ce aka ɗura mata, irin ta lemon kwalba.

A zaman ƙungiya Alhaji Jalaluddeen ya tambayi Bartholomew ko zai ci gaba da Daudu. Bartholomew ya murza hularsa, ya ce:

"Baba Daudu ne ya tsaya mini na sami gidan haya a garin nan, ban manta ba. Amma sati biyu matata Martina ba ta zuwa famfo, ana nuna ta ana cewa matar mai giya. Da ya tambaye ni, da na sha a gabansa. Ba zan ci gaba ba."

Dila mafi kusa Musaddiƙ ne.

Talatar da ta biyo, Daudu ya share ƙofar shago kamar kullum, ya fito da benci. Da la'asar motar ta zo, ta rage gudu saboda rami, ta wuce.

Ranar jajibirin biki adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar shagon Daudu. Musaddiƙ ya sauko da katan biyu, ya durƙusa.

"Gudummawar Bartholomew ce, Baba. Tun farko don bikin Halima ya yo odarsu, ya ba ni ɗaya in gwada kada ya kawo maka abin kunya. Yanzu doka ta hana shi saukewa a nan, sai ta hannuna."

Daudu ya dubi katan ɗin. Wuyan kwalaben yana ƙyalli ta tsagar kwali.

"Yau ya biyo ta wurinka?"

"Ya biyo."

"Ya ci abinci?"

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. "Ya ci, Baba."

"Kai su ciki wurin mata," in ji Daudu. Ya juya bencinsa ya ba titi baya.