Biro Uku, Rana Ɗaya

…kashi casa'in da takwas cikin ɗari, wai. Casa'in da takwas! Ya cika ɗarin mana kowa ya huta. A'a, shugaban jami'a ba yaro ba ne, ya san ƙarya in ta cika taf zubewa take yi, shi ya sa ya rage biyu don ta yi kama da gaskiya. Ga shi can gaban makirfo, riga ta sha guga, yana karanta rahoton shekara kamar mai karanta wasiƙar masoyiya. Koyarwa ta ci gaba. Bincike ya ci gaba. Inganci kuwa ba a magana. Jami'ar da ke horar da malamai, in ji shi, ta zama abar koyi… Koyin me? Ita dai tana layi na huɗu a zauren taron, jaka a cinya, kuma ba shi take kallo ba. Takardar take kallo.

Takardar tana layi na biyu yanzu, tana tafiya hannu zuwa hannu. Duk malamin da aka tura duba ɗalibai a koyarwar gwaji zai sa hannu a gaban sunansa, ya tabbatar cewa ya shiga aji sau uku, ya ga kowane ɗalibinsa yana koyarwa da idonsa. Sai da ita rahoton zai cika, a miƙa wa masu tantance jami'o'i wata mai zuwa. A gaban sunanta an rubuta arba'in da uku. Ɗalibai arba'in da uku, makarantu goma sha shida, mako biyu — da idonta, wai. Ido nawa Allah ya ba ta?

Dubi yadda suke sa hannu. Ko karantawa ba sa yi. Wancan na sashen lissafi ma hira yake da na kusa da shi, hannun na aiki baki na aiki. Munafukai. Wallahi ta tsane su, ta tsani ƙamshin turarensu, ta tsani robobin ruwan da aka jera musu, ta tsani sanyin na'urar nan da ba a kunna ta sai ranar da za a yi ƙarya…

An zo kan bincike. Maƙala ɗari uku da arba'in a bana, bara ɗari biyu. Tafi! Farfesan da ke kula da bincike ya ɗan miƙe ya rusuna, kai ka ce shi ya haƙa rijiyar da duniya ke sha. Ba ta san shi ba ne? Maƙala ɗaya yake yankawa gida huɗu, ya sauya wa kowace suna, ya aika wa mujallar da surukinsa ke tacewa. Ta bana ma wai a kan matsalolin karatun yaran aji huɗu ce. Aji huɗu! Yaushe rabonka da ka tsaya a ƙofar aji huɗu, Farfesa? Ka san warinsa? Ka san yadda yarinya 'yar shekara tara take riƙe…

Ita ce a gida, hannunta cikin kumfar wanki, safiyar wata Asabar, waya ta yi ƙara a kan taga. «Auta, karanta min saƙon nan.» Shi ke nan abin da ta ce. Yarinyar ta ɗauki wayar da hannu biyu. Leɓɓanta suna motsi, babu sauti. Sai ta ɗago tana kallon bakin uwarta, kamar a can amsar take. «Mama, rubutun ya yi ƙanana.» To ɗauko littafinku na makaranta. Ta ɗauko, ta buɗe shafin farko, ta karanta shi tas kamar ruwa — har uwar ta ji sanyi a ranta, har ta kusa komawa wankinta. Me ya sa ta goge hannu ta buɗe tsakiyar littafin? Me ya sa ta rufe hoton shafin da tafinta? Auta ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Haddacewa ta yi. Shekara huɗu tana ɗaukar jaka tana dawowa, ashe waƙa take zuwa koya. Harafi ɗaya bayan ɗaya take kallo kamar baƙin da suka sauka gidansu.

Baban Auta kuma da ya ji, bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi faɗan. Cewa ya yi, «Ke da kike koya wa malamai koyarwa?» Ya sa takalminsa ya fita.

Tafi kuma. Me aka ce? Oho, majigi ya hasko hoton ɗakin gwajin koyarwa, kujeru sababbi, allo fari ƙal, ɗalibai shida suna murmushi. Ai ta san kujerun nan, daga ofishin magatakarda aka aro su, aka mayar kafin rana ta faɗi. Ɗakin yana nan a kulle, gizo-gizo ne kaɗai ke gwajin koyarwa a ciki. Kowa a zauren nan ya sani. Kowa ya san kowa ya sani. Amma a bar kaza cikin gashinta, haka ake zama lafiya a nan… Takardar ta shigo layi na uku.

Na kusa da ita yana ta danna kan bironsa, ƙis, ƙis, ƙis. Shugaban sashensu ne, Tsohon Hannu suke ce masa a bayan idonsa. Da za ta fizge biron nan ta karya shi biyu da ta ji daɗi. Shi ne fa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tana sabuwar ɗauka, ta shiga ofishinsa da jerin ɗalibanta tana neman yin kuka — motar jami'a ta lalace, darussanta na cikin jami'a ba a ɗage su ba, ta yaya za ta zagaye makarantu goma sha biyar? Ya yi dariya har da share ido. «Ƙanwata, wa ya ce miki zagayawa ake yi? Ki tara su a makaranta ɗaya, ofishin hedimasta. Kowa ya zo da littafin tsara darasinsa, ki duba. Fom uku ne ga kowane ɗalibi, ko? To ki sayi biro uku. Shuɗi, baƙi, da wani shuɗin mai kauri. Kwanan wata uku, biro uku. Kada ki kuskura ki cike su da biro ɗaya, nan ne sababbi suke kama kansu.» Kamar yana koya mata girki. Ta fita tana tsine masa a zuci. Ta tsaya a shagon bakin ƙofa ta sayi biron.

Amma ai ita ba irinsu ba ce. Ba irinsu ba ce! A tambayi ɗalibai. Ba-Sani-Ba-Sabo suke kiranta, kuma ta ji daɗin sunan. Wa ke korar mai latti daga aji? Wa ke karanta kowane shafi na aikin ƙarshe? Ko a ofishin hedimastan ma ita tana buɗe littafin tsara darasin da gaske, tana ja musu layi, tana tambayarsu manufar darasi. Sauran kuwa ko buɗewa… Laifi tudu ne, in ji mutane. To ta ji. Ta ji! Wa ya tambaye su?

Litinin ɗin da ta biyo bayan Asabar ɗin nan ta tafi makarantar su Auta da wuta a cikinta. Ba ta shiga ofis ba, tagar aji ta nufa. Yara sittin ko fiye, Auta a benci na uku. Malamar matashiya ce, mayafinta tsaf, ta juya wa yaran baya tana rubutu a allo. Ta faɗa, su maimaita. Ta faɗa, su maimaita. Minti ashirin tana tsaye a tagar nan da agogo a hannu, kuma ko sau ɗaya malamar nan ba ta waiwayo ta ga fuskar yaro ba. Na baya suna kokawa, biyu suna barci, Auta tana buɗe baki tare da kowa, idonta a kan rufi. Wannan ce malama? Wa ya sake ta a kan 'ya'yan mutane? Wane marar tsoron Allah ne ya…

Ta jira aka tashi tara. Ta tare malamar a baranda, a gaban sauran malamai, da gangan, don kowa ya ji. «Ke, wace jami'a ce ta yaye ki?»

Yarinyar ta rusuna har ƙasa, fuska cike da murna. Murna! «Lah, Malama! Ba ki gane ni ba? Ai ke kika duba ni a koyarwar gwaji, shekara uku ke nan. Tamanin da biyu kika ba ni. Wallahi kullum ina faɗa wa mutane, Ba-Sani-Ba-Sabo ce ta ba ni tamanin da biyu.» Ta ruga aji ta dawo da jakarta. Ta sa an lulluɓe kwafin fom ɗin da leda mai ƙarfi, kamar takardar haihuwa. Da shi ta nemi aikin, ta ce, shugabar makaranta da ta ga sa hannun ba ta ƙara tambayar komai ba.

Rubutunta ne. Baƙin biro. *Tana fuskantar ɗalibai, tana jan hankalinsu.* Ita ta rubuta. Layin nan ta rubuta shi sau nawa a rayuwarta? Ɗari? Ɗari biyu? Yana zuwa mata ne da kansa in hannu ya gaji. Ba ta tuna fuskar yarinyar ba, ba ta tuna ranar ba, ko makarantar ma… Me ta ce mata? Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma ko haukan bai zo mata ba. «Allah ya yi albarka,» ta ce. Allah ya yi albarka! Ta juya ta fita, Auta na kiranta daga taga, Mama, Mama, ta yi kamar ba ta ji ba.

Shugaba yana cewa wani abu a kan sadaukarwar malamai. Ka rufe mana baki, don Allah. Kai ka ɗebi ɗalibai dubu uku a gurbin dubu ɗaya don a ce jami'a ta bunƙasa. Kai ka bar motar nan tana ruɓewa a bayan ɗakin karatu, ciyawa ta fito ta tagarta. Kai ka sa wa rahoto ranar da ba ta ɗaguwa. Kai, da Farfesa, da wannan mai ƙis-ƙis ɗin. Ku kuka… ku kuka sa…

Sa me? Wa ya riƙe mata hannu?

Takardar ta iso layinsu. Mutum biyar tsakaninta da ita. Huɗu.

In ta ƙi fa? In ta miƙe ta ce ban gani ba, ban shiga aji ko ɗaya ba, ku ma ba ku shiga ba? Kowa zai waiwayo ya kalle ta. Sannan a soke sakamakon ɗalibanta arba'in da uku, su kaɗai, su maimaita shekara — 'ya'yan talakawa da iyayensu suka riga suka fara shirin ranar yaye su. Sauran kuwa su wuce, don malamansu sun gani da idonsu, ga sa hannu nan. Sannan a kafa kwamiti. Tsohon Hannu ne zai shugabance shi, wa kuma? Ya kalle ta da tausayi ya ce, to Dakta, shekaru goman da suka wuce fa, su ma ba ki gani ba? A janye takardun shaidar duka ke nan? Har da na malamar Auta, mai leda… In kuma ta sa hannu, arba'in da uku su shiga ajujuwa a watan tara, kowanne da yara sittin a bayansa. A bayansa, ba a gabansa ba.

Uku. Biyu. Na sashen tarihi yana neman biro, wani ya ara masa.

Ai da ba ta sani ba. Wannan shi ne abin da take ta gaya wa kanta tun ɗazu, tun jiya, tun — da ba ta sani ba. Shekara uku da suka wuce ba ta san inda malamar Auta za ta ƙare ba. Wa ya san gaibu? Kuskure ne irin na kowa, yanzu da ta gani da idonta ai…

Litinin ta je makarantar su Auta. Fom ɗin bana kuma yaushe ta cike su?

A'a.

Juma'a. Juma'ar makon da ta je ɗin dai. Kwana huɗu bayan baranda, bayan leda, bayan Mama, Mama. Ofishin hedimastan makarantar da ke kusa da shataletale, fanka na juyawa, ɗalibai sun yi layi har waje da littattafansu a ƙirji. Ta zauna daga tara zuwa biyu. Ta sani sarai. Ta san kamannin abin da take sakewa, ta san bencin da zai tarar, ta san sunan yarinyar da ke zaune a kai. Kuma ta cike fom ɗari da ashirin da tara, ba wanda ya tsaya a kanta, shugaba ba ya nan, Farfesa ba ya nan. Har ruwa aka kawo mata ta sha.

Tsohon Hannu ya sa nasa, ya turo mata takardar a kan jakarta, ya ɗora bironsa a kai. «Dakta, ana jiranki,» ya ce a hankali.

Ga sunanta. Ga arba'in da uku. Ɗaya kawai, ina ma ta tuno mutum ɗaya — yadda yake tsayawa gaban allo, yadda muryarsa take in yana tambayar yaro. Ɗaya tak, ya Allah, don layin nan ya zama yana da ɗigon gaskiya. Mai gilashin nan? Mai cikin nan da ta nemi kujera? Hannayensu kawai take gani suna miƙo littafi…

Ana tafi, kowa ya miƙe, shugaba ya gama. Ita kaɗai ce a zaune. Ta duba takardar, sai ta ga harafin farko na sa hannunta yana nan a kan layin, tawadar ba ta bushe ba. Yaushe? Ba ta ce wa hannun ya fara ba. Ya tsaya a tsakiya, bai ƙarasa ba, bai ɗaga ba, kuma ta gefen hagunta ta riga ta miƙo nata hannun tana jira.