Gwangwani Shida a Kan Shinge

"Ajiye wannan, Lonnie," na ce. "Kyan ɗan maciji ne da ita. Sau uku za ta tashi, a na huɗu ta shaƙe."

Lonnie Tackett ya mayar da bindigar kan kantar shagon a hankali. Maƙwabcina ne, shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ya raba mu, tun yana aikin haƙar kwal. Mavis mai shagon ta galla mini harara.

"Harlan, saye ka zo ko kashe min kasuwa?"

"Hana ki cutar tsoho na zo."

Ranar kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Duk wanda zai sayi ƙaramar bindiga a kwarinmu ni yake nema, kuma ina son hakan fiye da yadda ya kamata. Na sa Mavis ta fito da wata tsohuwar hannu, mai ɗakin harsashi shida da ke juyawa, dala ɗari uku.

"Ga taka. Ba ado, ba tsada, ba gardama."

"Ba ta ƙin tashi?" Lonnie ya tambaya.

"Ko shekara goma ta yi a aljihun tebur."

Tambayar da ya yi ke nan, ita kaɗai. Bai gwada nauyinta ba, bai duba saiti ba. Da Mavis ta ce harsashi kwali nawa, sai ya ce, "Ba ki da ƙaramin kwali?"

"Ji marowaci!" ta ce. Muka tuntsire da dariya, har da shi.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Verna, matarsa. Bayan jana'iza 'yarsa Darlene ta kwashe bindigoginsa na farauta ta tafi da su birnin Lexington, wai za a goge su. Shiru kake ji. Ni kuwa abin ya ƙona mini rai. A nan ba a barin namiji a gida hannu rabbana, kuma ba a tambayarsa me zai yi da bindiga. Rashin kunya ne. Na ce yaran zamani sun raina mu. Ban taɓa tambayar kaina abin da yarinyar ta gani ba.

A hanyar gida na ce masa, "Asabar da safe, bayan rumbuna. Sabuwar bindiga sai an ba ta gwangwani ta ci. Mu ga ko idonka na nan."

"Idona ya fi naka, ɗan banza."

"Za mu gani."

Ranar Juma'a da hantsi Lonnie ya ƙetaro da karensa, Biskit, da buhun abincinsa a kafaɗa.

"Riƙe min shi kwana biyu. Haushinsa ya dame ni."

"Wannan ragon? Yaushe ya koyi haushi?"

Ya yi murmushi, ya sosa kunnen karen, ya daɗe yana sosawa. Sannan ya ce, "Na gode da ranar nan, Harlan." Na ce ya daina surutu, kar ya makara gobe.

Da yamma ina bayan rumbu ina jera gwangwanayen wake a kan shinge sai na ji ƙara daga gidansa, sau ɗaya. A kwarinmu ƙarar bindiga ba ta sa kowa ɗaga kai. Abin da na faɗa, da bakina, shi ne, "Tsohon nan ya kasa haƙuri zuwa gobe." Na ɗora gwangwani na shida. Biskit ne ya fara kuka, yana jan igiya, kuma sai a lokacin na gane ba gwajin bindiga Lonnie ya yi ba, kansa ya harba.

Ni na buga wa 'yan sanda waya. Ban iya shiga gidan ba.

Bayan an binne shi, aka taru a zauren coci ana cin soyayyiyar kaza da burodin masara. Mavis na can gefe, ta ƙi haɗa ido da ni. Darlene ta zo ta kama hannuna biyu.

"Kawu Harlan, na kwashe duka. Duka! Tun ranar da na same shi zaune da rigar Mama a cinya yana cewa ya gaji."

Ta ƙara matse hannuna, ta ci gaba.

"Amma na gode maka. Ranar Laraba ya kira ni, ya ce kun fita tare, har ka sa shi dariya. Kai kaɗai ka kula shi."

Na buɗe baki in ce mata ni na zaɓa, ni na rantse masa ba ta ƙin tashi. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ki haƙuri." Tsoro ne, ba tausayi ba, na sani. Har yau ban faɗa mata ba.

Biskit yana wurina. Kullum da safe yakan je bakin shingen ya kwanta yana kallon ƙofar Lonnie. Gwangwanayen na nan a jere yadda na bar su, ruwan sama ya cika su, sun fara tsatsa.