Lahadin Yara a Kan Kabarin Alapati

Tun da teku ta ci Alapati, 'yarsa Tiresa ta daina cin abinci. Ita ya bi cikin ruwa ranar da igiyar ruwa ta ja ta. Ya turo ta gaɓa, shi bai fito da rai ba. Aka binne shi a ƙofar gida kamar yadda ake yi wa kowa a ƙauyensu, aka shafe kabarin da siminti. Nan yarinyar ta tare, har wuyanta ya koma kamar sillen kara.

Uwarta Fuatino malamar makaranta ce, ba ta saba roƙon kowa ba. Amma ta roƙi 'yar shekara bakwai. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kai ta asibiti. A banza.

Ranar Lahadin Yara, yaran ƙauyen suka sha fararen kaya, kowa ya fito gaban coci ya karanta ayarsa. Da aka zo kan Tiresa, baki ya ƙi buɗuwa. Ta fice a guje.

"Tarbiyyar 'yan boko ke nan," in ji Sulu, uwar Alapati. "Allah yaro mai jin magana yake so. Da ta ji magana, da ɗana..."

"Ƙarasa, Mama," in ji Fuatino, "yau in bar miki gidanki."

Tsohuwar ta haɗiye sauran.

A wannan rana manya ke yi wa yara hidima, kuma babba ba ya kai loma baki sai yara sun ci. Fuatino ta ɗauki gwaza da kifi a madarar kwakwa, ta durƙusa gaban kabarin, inda Tiresa ta koma.

"Ban karanta ayata ba," in ji Tiresa. "Abincin na waɗanda suka karanta ne."

"In ji wa? Ɗan maƙwabta rabin tasa ya manta, ga shi can zai haɗiye kaza har ƙashi."

"Ni na kashe Baba. Allah ma ya sani."

Ita kanta Fuatino tun ranar jana'iza addu'a ke maƙale mata a wuya. Ta daure.

"Babanki ya hana ki shiga ruwa?"

"E."

"Kika shiga. Da ruwan ya ja ki, ya tsaya tambayar ko kin ji magana?"

Tiresa ta girgiza kai.

"Ko riga bai tsaya cirewa ba. To Wanda ya halicce shi fa, 'yar nan? Babanki ya fi shi tausayi ne?"

Tiresa ta kifa fuska a siminti. Rana ta take, abinci ya huce, ƙudaje suka taru. Fuatino na nan durƙushe, ta ƙi tashi.

Can sai ga Sulu tana jan ƙafa, da mafici a hannu. Ta zauna a ƙasa tana korar ƙudajen.

"Ke, ja'ira," ta ce, muryarta na karyewa, "ki ci in ci. Ko so kike a haƙa nawa kusa da na ubanki?"

Tiresa ta dubi kakarta, ta dubi uwarta. Ta gutsuri gwaza ɗan mitsitsi, ta daɗe tana taunawa.

Fuatino ta riƙe numfashi har sai da ta ga maƙogwaron ya motsa.