Raɓar Gonar Taba

Yaretzi ta karya furen taba ta jefar, sai ta ga kamar bai faɗi ba. Ya tsaya a iska, fari fat, yana juyawa a hankali. Kunyoyin gonar suka fara lilo kamar ruwan tafki, can nesa itatuwan jihar Carolina suna narkewa cikin rana.

Shekararta goma sha uku. Da safe zafi ya ishe ta, ta cire baƙar ledar shara da kowa ke hudawa ya zura a wuya saboda raɓa. Ganye ya jiƙa mata riga har fata, dafin taba ya shiga jikinta.

"Ina ledarki?" in ji mahaifiyarta daga kunyar gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Na yar, Mamá. Dafa ni take yi kamar tamale, alalar masarar nan."

"Ai ga shi kin dahu! Kalli fuskarki."

Doña Chayo, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gonar, ta miƙo guntun sigari. "Ungo, 'yar boko, zuƙi sau biyu. In jiki ya saba da ita, ganye ba ya kayar da mutum."

"Ni da nake wa makarantarmu gasar gudu? A kai kasuwa."

"To, yi gudun mu gani."

Motar Don Beto, mai kwaso su aiki, ta tsaya a bakin gona. Kowa ya san halinsa: in yaro ya faɗi, shi da iyayensa ba sa sake shiga motar. Mahaifiyar ba ta da wani aikin sai wannan.

Yaretzi ta durƙusa cikin ganye. A nan ƙasa akwai sanyi, komai kore ne, muryoyi na zuwa kamar daga cikin rijiya. Ta so ta kwanta. Amai ya taso, ta yi shi shiru, ta tura ƙasa da takalmi ta rufe. Ta kama karan taba ta miƙe.

Lokacin da Don Beto ya iso, hannunta na kan fure. Ta gan shi ya rabu biyu, ta zaɓi ɗaya ta zuba masa ido, ba ta ƙifta ba.

Ya yi dariya, ya juya wajen mahaifiyar. "Wannan ƙarfe ce, Doña Lupe! Gobe ma a kawo min ita. Ba ta da ƙanwa?"

Mahaifiyar ta dubi 'yarta, ta dubi ƙasar da ta rufe aman da ita.

"Ba ta da," in ji ta.

Yaretzi ta tuna ƙanwarta Itzel, da suka baro tana barci a gida. Ta karya fure na gaba.