Kwalbar da ta kashe Barmo

Da na ɗaga bargon, wani jan hayaƙi ya buge ni a fuska sai da na durƙusa. Barmo na ciki, ya dafa ƙasa, idanunsa na zubar da ruwa. Matarsa Hajjo na tsaye da kwalba a hannu.

"Me kuka zuba kan dutsen nan?"

"Maganin Nasara ne, Inna Tabawa. Alhassan kukun bariki ya kawo, ya ce na tari ne."

Darni ɗaya ya raba gidana da na Barmo. Tari kawai ke damunsa, irin na lokacin sussuka. Mu kuwa in ƙirji ya riƙe, surace muke yi: a gasa dutse, a zuba masa jiƙo, a lulluɓa. Haka suka yi da ruwan kwalbar. Ludayin ƙarfen da aka auna da shi ya yi baƙi ya cinye. Inda ruwan ya ɗiga kan kanwa, tafasa yake ba wuta.

Washegari muryarsa ta tafi. Numfashi yake ja kamar ana kankare ƙwarya. Muka ba shi madara, ta ƙi wucewa. Kafin Juma'a an kai shi kushewa.

Na taka har barikin Tanut, na kai ƙara gaban Kumandan, babban Nasaran wurin. Tafinta ya kira abin "burom", wai ruwa ne mai cin ƙarfe, Nasara na gwada duwatsu da shi, ko shinshinarsa ba a yi.

"To gaya masa kukunsa ya kashe mutum."

Suka yi yarensu. Aka yi wa Alhassan bulala don ya saci kayan bariki. Barmo kuwa ko sunansa ba a tambaya ba.

"Kumandan ya ce ki maido kwalba, tsohuwa."

"Ta fashe."

Alhassan ya biyo ni bakin ƙofa yana ɗingishi. "Wallahi Inna, na ɗauka irin wanda Nasara ke sha ne."

"Ban haife ka ba. Yadda Barmo ya nemi iska ya rasa, kai ma sai ka nema."

Kwalbar ba ta fashe ba, tana wurina, da saura rabi. Hajjo ta roƙe ni in binne, na ce ta ji da takabarta.

Ran kasuwa Alhassan kan zo garinmu sayen kajin bariki. Nakan zauna gindin aduwar da ke kan hanyarsa, kwalbar naɗe cikin tsumma bisa cinyata. Tsumman ya fara hujewa.