Nawar Motar Baba

Motar Baba tsohuwa ce mai shan dizal, atomatik, ta ma girme ni. Wata safiya ya dawo daga kai jikokinsa makaranta ya ce ta soma nawa. In ya taka totur sai ta tsaya shawara kafin ta motsa. A tudun bayan kasuwa kuwa ta ƙi saukowa ƙaramar giya, har masu keke suna wuce shi.

Ni na raka shi gareji. Bakaniken ya zaro sandar awon man giya, ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina.

"Bai ƙone ba, Baba, amma ya yi duhu."

Ya canja man da filta, ya zagaya da motar, ya dawo yana murmushi. Wai gudu take kamar an biyo ta. Baba ya karɓi makulli, ko kwanar farko ba mu sha ba ta koma halinta.

Washegari muka koma. Bakaniken ya duba wayar totur, ya bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman inda iska ke zurarewa, ya cire filtar dizal ya hura. Duk lafiya. Ya sake fita da ita, ta haye tudun nan ba ko tari. Ya dawo ya tsaya gaban bonet yana sosa ƙeya da sifana.

"Baba, ko dai raina ku ta yi?"

"Wato ƙarya nake yi ke nan?"

"A'a, wane ni! Ni ma kaina ya ɗaure. Ku tuƙa, in zauna a gefe in ji da kunnena."

Na shiga baya. Muna isa gindin tudun motar ta soma jan ciki.

"Ku taka, Baba."

"Na taka."

"Har ƙasa."

"Ai har ƙasa yake! Ka ji ta ko?"

Bakaniken ya sunkuya yana sauraron inji, sai na ga ya daina motsi. Na leƙa ta tsakanin kujeru. Ƙafar Baba ta dama ko rabin totur ba ta danna ba. Ta karkace gefe, tana ɗan rawa cikin takalmi.

"Ku tsaya a gefe, a hankali," in ji bakaniken, hannunsa na kan birkin hannu.

Da muka tsaya ya nuna masa. Baba ya daɗe yana kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ara masa.

"Ni fa ji nake na danne shi," ya ce. Ya waiwayo ya dube ni. "Ke ma kin gani?"

Na gyaɗa masa kai.

Daga nan asibiti muka wuce, ni ke tuƙi. Likita ta sa shi ya tura tafin hannunta da ƙafa, hagu ta ture, dama ta kasa. Bayan hoto aka ce jijiya ce ta matse a ƙashin bayansa, za a fara da magani da gashin ƙashi, tuƙi kuma sai yadda hali ya yi.

A hanyar gida, da muka kusa layinmu, Baba ya juyo wurina.

"Kar ki gaya wa babarku tukuna," ya ce. Sai kuma ya girgiza kai. "A'a, gaya mata. Ni ban san ta inda zan fara ba."