Ƙodar Afiniki

Daminar 1955 ta zo wa Tudun Wadan Zariya da sauro mai yawa, kusan kowane gida da yaron da ke kwance. A gidan Barnabas, mai jera haruffa a maɗaba'ar jarida, Rifkatu zazzaɓi ya kayar, ɗaya daga cikin tagwayen da matarsa Suzana ta haifa masa shekara shida baya. Ɗayar kuwa, Afiniki, ko atishawa ba ta yi ba.

Suzana ba baƙuwar zazzaɓi ba ce. Gwaggonta ta yi aikin jinya a asibitin Wusasa, a wurinta ta koyi a rage wa yaro kaya, a jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi a riƙa goga masa, a yi ta ba shi abin sha ko yana ƙi. Duk ta yi. Ta karɓo kwinin a disfensare. Maƙwabciyarta Inna Ishatu ta dafo ganyen darbejiya, suka lulluɓe yarinyar da zane ta yi surace. Sai dai Rifkatu ta lasa kwinin sau ɗaya, ta ji ɗacinsa, ta datse haƙora. An niƙa a zuma, ta tofar. An yi lallashi, an yi tsawa, a banza. A rana ta uku Suzana ta ƙudura a ranta, in gari ya waye jikin bai sauka ba, za ta goya ta sai asibiti.

Da azahar Barnabas ya dawo cin tuwo, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, ya riƙo shafin jarida, ya tarar Inna Ishatu tana gidan. Ya taɓa goshin Rifkatu, ya dubi fuskar matarsa, ya ga ta kwana biyu ba ta yi murmushi ba.

"Uwar biyu, zo ki ji abin da muka jera yau. Inna, ke ma matso."

Ya karanta musu cewa a ƙasar Amirka wani saurayi ƙodarsa ta lalace, har an fid da rai da shi. Likitoci suka ciro ƙoda ɗaya daga jikin ɗan'uwansa da aka haife su tare, suka dasa masa. Ga shi watanni sun wuce, su biyun suna yawo da ƙafafunsu.

Inna Ishatu ta tafa hannu. "Kai Malam Barnabas, ku da takardunku! Ƙodar mutum ce ko dashen albasa? To wanda aka cire wa fa?"

"Biyu Allah ya ba kowa, Inna. Sun ce ɗaya ma tana isa."

"Me ya sa sai ta ɗan'uwansa?" in ji Suzana, tana matse tsumma.

"Wai jikin tagwaye iri ɗaya ne, ba ya ƙin na juna."

Afiniki tana zaune a gindin turmi tana sauraro, babu wanda ya kula da ita.

Barnabas ya koma aiki. Wajen la'asar Suzana ta ɗauko kunun tsamiya, ta kira Afiniki ta kawo mata ludayi, shiru. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa bayan gida, ta leƙa rijiya, ba ta gan ta ba. Tana jawo mayafi za ta fita ke nan sai ta ji sallama a ƙofar gida. Ɗantsoho ne, tsohon mahaucin bakin kasuwa, ya riƙo Afiniki da hannu ɗaya, ɗaya hannun da ƙunshin ganye, yana dariya har da hawaye.

"Uwar biyu, ga 'yarki. Shekara arba'in ina fawa, ban taɓa samun ciniki irin na yau ba. Ina cikin sara sai ga ta, ta ɗage riga, ta ce Baba Ɗantsoho, ka cire mini ƙoda ɗaya a kai wa Rifkatu, amma ka yi a hankali."

Suzana ta dubi Afiniki. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun. Ta durƙusa ta rungume yarinyar.

"Me ka ce mata, Baba?"

"Na ce ba a taɓa ƙodar mutum sai 'yar'uwarsa ta sha magani tukuna an ga bai yi ba. Ga ƙodar rago nan, a yi wa mara lafiya romo."

Afiniki ta zame daga hannun uwarta ta nufi ɗaki. Suzana ta bi ta, ta tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta tsuguna kan tabarma, ta girgiza kafaɗar 'yar'uwarta.

"Rifkatu, tashi. In ba ki sha magani ba, ni za a yanka. Na ga wuƙar, ta fi hannun Baba tsawo."

Rifkatu ta buɗe jajayen idanunta. Ta dubi Afiniki, ta dubi uwarta, sannan ta ce, "Mama, kawo."

Suzana ta kawo kwinin, Rifkatu ta runtse ido ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta bi da kunu rabin ƙwarya. Inna Ishatu da ta leƙo ta katanga ta rangaɗa guɗa, har kajin gidan suka watse.

Kafin magariba romo ya nuna, Rifkatu ta sha cokali biyar, ta kuma shan magani a kan lokacinsa. Da gari ya waye Suzana ta tarar zanen shimfiɗar ya jiƙe sharkaf da gumi, goshin yarinyar ya yi sanyi. Ta durƙusa nan gefen tabarma ta gode wa Allah, ta kwance kayan da ta ɗaure don tafiya asibiti.

Barnabas bai gaji da ba da labarin Afiniki da Ɗantsoho ba. Yana karyawa ya ce, "Wannan kam sai na kai wa edita."

"Kada ka soma, Malam," in ji Suzana. "So kake duk 'yan biyun Zariya su yi layi a rumfar Ɗantsoho?"

Daga ɗaki suka jiyo hayaniya. Rifkatu ce ta tashi zaune, tana jan ƙwaryar koko daga hannun Afiniki, tana ihu wai an fi ba wa Afiniki mai yawa. Suzana ta miƙe ta ɗauko wata ƙwaryar.